In Ya Samu Sarari

Shekarar da damina ta yi mana rowa har gero ya ƙone bai kai gwiwa ba, ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, a Matamaye. Mushe kowa ke ce mini, yadda ake kiran malamin lakwal a bakin Faransanci. Soja ke mulki, kuma ba su wasa da ma'aikacin gwamnati. Sai ka ga mota ta tsaya a ƙofar lakwal ba sallama, an leƙo aji a ga ko kana nan. Wanda aka tarar ba ya bakin aikinsa, to ya san sauran.

Gidana kuwa ya cika da dangin matata da yunwa ta koro daga Kurni. Albashi kafin tsakiyar wata ya yi sallama. Shi ya sa na nemi aiki na biyu. Wani Alhaji na Damagaram yana da motocin haya, tsarinsa kuma mai sauƙi ne: mota ɗaya direbobi uku ke karɓa-karɓa, kowa da ranarsa, in uzuri ya taso ku yi musanya tsakaninku, shi Alhaji ba ruwansa muddin mota na kan hanya. Na iya tuƙi tun ina saurayi, sai na ɗauki Alhamis da Lahadi, ranakun da ba lakwal.

Cikin abokan karɓa-karɓata akwai wani tsohon direba da muke ce wa Baba, mutum mai baki. Ranar farko ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Mushe, taura biyu ba ta taunuwa fa."

Na ce, "Baba, naka haƙoran ne suka zube, nawa suna nan."

Kuma wallahi na tauna. In diraktan lakwal ya sa taro ranar Alhamis, na ba Baba ranata in karɓi yammacin Asabar ɗinsa. In mota ta kwana gun bakanike, mu sake lale. Har na riƙa yi wa sauran malamai burga cewa ni ba abin da ke gagara ta. A nan na koyi mugun hali, na ɗauka kowane abu a duniya ana iya matsar da shi zuwa wata rana.

Innata tana ƙauyenmu, gaba da Dungu, tare da ƙanwata. Babanmu ya daɗe da rasuwa. Ni ne ɗan farinta, kuma ita ta riƙe kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. In na je gida ba ta zama mu yi hira, sai dai ta turo ƙanwata da ƙwaryar fura, ta amsa gaisuwata fuskarta na kallon danga. Ba ta taɓa aiko a kira ni ba, ko sau ɗaya. Ni kuma duk wata ina aika mata gero, ina ganin na sauke nauyi.

Wata Alhamis ina tasha ina ɗaure kayan fasinja, sai ga kawuna, wan Inna, ya zo sayar da tabarmi. Muka gaisa. Ya ja ni gefe, ya ce, "Innarka ta ce a gaya wa na Matamaye, in ya samu sarari ya leƙo."

Na ce, "Lafiya dai, Kawu?"

Ya ce, "Lafiya lau. Jiki ne dai irin na tsufa."

Na ce masa Lahadi ina tafe. Nan take na roƙi Baba ya riƙe mini ranar, ya amince.

Kaico! Ni da na je lakwal har nake koya wa 'ya'yan mutane, ban fahimci abin da kowace tsohuwa a ƙauyenmu za ta gane ba. Matar da ta yi shekara talatin da wani abu ba ta neme ni ba, yau ta danne kunyarta ta aiko. Ai aiken kansa shi ne maganar. Da ina da hankali, da na sauke igiyar nan na bi Kawu a ranar.

Kafin Lahadi tasha ta cika maƙil da maza masu tafiya ci-rani, tun lokacin bai yi ba, don babu abin jira a gona. Kafin ka shanye shayi mota ta cika. Na je na ce wa Baba na fasa, ya mayar mini da ranata. Ya ce, "Ba gun tsohuwa ka ce za ka ba?" Na ce Alhamis ma rana ce. Ranar Alhamis kuma sai ga umurni daga sama, duk malamai su fito su rubuta sunayen masu karɓar dawar agaji. Wannan ba yadda na iya, soja ba a ce musu uzuri. Amma ta farkon ba soja ya hana ni ba, kwaɗayina ne, kuma har gobe ban yafe wa kaina ba.

Lahadin da ta biyo na bar wa Baba mota, na sayi sukari da ganyen shayi, na shiga wata motar har Dungu, na ƙarasa da ƙafa cikin rairayi. Tun daga nesa na hango maza zaune kan tabarmi a ƙofar gidanmu. Na tsaya cak. Kawu ne ya taso ya riƙe hannuna, ya ce, "Sai haƙuri. Jiya bayan azahar muka kai ta. Mun tura mutum, kun yi saɓani."

Na shiga cikin gida. Ƙanwata na zaune bakin ɗakin Inna, idanunta sun kumbura. Na durƙusa kusa da ita, ƙunshin sukarin har yanzu yana hannuna, na rasa inda zan aje shi. Da ƙyar na ce, "Ta yi fushi da ni?"

Ta girgiza kai. Ta ce, "Yaya, ba ta yi fushi ba. Duk ƙarar mota da ta ji daga nesa sai ta ce in leƙa. Jiya da safe kuma ta kira sunanka. Sunanka na yanka, Yaya, da ƙarfi, har sau biyu."

Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. A daidai lokacin da ta faɗe shi, ina tsaye gaban allo ina kiran sunayen 'yan aji, kowa na amsawa.