Hura a cikin agwagwa

Da ɗiyata ta fara zama, sai na sayo mata fo na zamani, wato abin da ake ɗora yara su yi kashi. Na roba ne ruwan ɗorawa, an yi shi da siffar agwagwa, ga murfi ga mariƙa biyu. Na aje shi a tsakar gida ko ledarsa ban cire ba, na wuce makarantar da nake koyarwa.

A makon nan uwar mijina, wadda muke ce wa Inna, ta zo daga Ƙofar Dundaye tana kwana biyu wurinmu a Mabera. Da azahar na dawo na iske matan unguwa sun zo gaishe ta, sun cika tabarma. A tsakiyarsu ga agwagwa cike da fura, har da ƙanƙara, ludayi yana zagayawa hannu zuwa hannu.

Na yi sallama. Inna ta miƙo mini ludayi, ta ce, "Zamna ki sha hura. Kwanon ga naki akwai riƙe sanyi."

Ban iya sha ba. Sai da baƙi suka watse na durƙusa na gaya mata ko na mene ne. Na zata za ta yi salati ta zubar. Sai ta dube ni, ta dubi agwagwa, ta riƙe baki.

"Kashi? Cikin wanga abu mai kyawo? Ku ɗiyan yanzu ba ku tsoron Allah!"

Da za ta koma gida, da shi ta tafi.