Mai Tsani, Wanda Ya Raba Mana Rana Ɗaki-Ɗaki

Kafin rana ta leƙo ta bayan tankin ruwa, Mai Tsani ya riga ya kai saman bene. Gidanmu hawa huɗu ne, ɗakunan haya arba'in da biyu, kuma matakalar ba ta kai rufi ba. A hawan ƙarshe sai an jingina tsani an bi ta wata 'yar ƙofa, kuma daga nan ya samo sunan da ya binne nasa na yanka. Bokiti a hannun hagu, tsumma a kafaɗa, yakan bi farantan sola ashirin da takwas ɗaya bayan ɗaya, ya kankare kashin tsuntsu, ya wanke gilashin, ya taɓa kowace waya da yatsa ya ji ko ta saki. Idan ya gama sai ya sauko ɗakin batura da ke ƙarƙashin matakala, ya tsaya shiru ya kasa kunne. Cewa yake yi inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin wadda fanka da ƙwan lantarki ke sha, tana da murya, kuma ranar da ba ta da lafiya a kukanta ake fara ganewa.

Matarsa, wadda duk gidan ke kira Inna, takan ce: "Shekara talatin ina tari a ɗakin nan bai taɓa ji ba. Amma akwatin can ya yi atishawa, sai ka ga mutum ya sauka da gudu ko takalmi babu."

Shekara goma sha shida ke nan yana wannan hidima. A ƙarshen watan da ya wuce likita ya hana shi hawa, saboda gwiwa da jiri. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, don in na bari, shi ba zai taɓa faɗa da bakinsa ba.

Asalinsa ma'aikacin lantarki ne a wata masaƙa. Da aka rufe ta, ya koma bin masu saka sola a gidajen masu hali. Da rana ya haskaka gidan da ke da ɗaki goma da mutum uku, da yamma ya dawo gidan da ke da mutum fiye da ɗari biyu, ya tarar ana lalube a matakala. Wutar gari kuwa baƙuwa ce a unguwarmu. In ta zo yara su yi ihu, kafin a gama ihun ta tafi. Wata rana wata tsohuwa da ke hawa na uku ta zame a duhun matakalar ta karye a ƙugu. Shi ya goyo ta zuwa bakin titi. Bayan kwana biyu aka gan shi ya shigo da wani faranti mai tsagaggen gilashi a ka, wanda wani attajiri ya ce a zubar. Ya gwada shi, ya ga har yanzu da ransa. Ya samo tsohon batir, ya ja waya, ya rataya ƙwai ɗaya a kwanar da tsohuwar ta faɗi.

Ƙwai ɗaya tak. Amma na ga manyan mutane sun tsaya a ƙarƙashinsa suna kallo kamar ba su taɓa ganin haske ba.

Nan fa kowa ya ce shi ma a saka masa nasa. Mai Tsani ya tara mu a tsakar gida ya ce: "Jama'a, in kowa ya ce sai nasa, mai ɗan hali zai samu, mai wanke-wanke ba za ta samu ba. Rufin nan ɗaya ne. Mu haɗa a sama, mu raba a ƙasa." Aka daɗe ana ja-in-ja. Mai gidan ma da farko ya ƙi, ya ce za a huda masa rufi. Mai Tsani ya ce masa: "Ranka ya daɗe, ka zo ka tsaya a kaina. Ƙusa ɗaya in ta shiga simintinka, ka kore ni da kayana." Ya ƙera ƙafafun ƙarfe, ya danne su da bulo, bai huda ko'ina ba. Mai gida ya zagaya sau biyu, ya ce a ja masa layi zuwa shagonsa shi ma.

A hankali farantan suka ƙaru. Kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, wata ƙungiya da ta ji labari ta ƙara mana wasu, har wuta ta shiga kowane ɗaki. Ƙa'idarsa ba ta da yawa: ƙwai biyu, fanka ɗaya, wurin cajin waya, sai firji guda na kowa da kowa a ƙasa, wanda magani ke da fifiko a cikinsa. Masu sana'a, kamar mai aski da mai ɗinki, ya ware musu layin rana. Dutsen guga da abin dafa ruwa kuwa haramun ne, domin guda ɗaya na iya shanye rabon ɗaki goma.

Akwai wani malamin makaranta da ya ɗauka dabararsa ta fi ta Mai Tsani, yakan jona dutsen guga da sassafe ya toshe ƙofa. Mai Tsani bai buga masa ƙofa ba. Jira ya yi sai da malamin ya fito, sannan ya tare shi a gaban mutane da fara'a.

"Malam, barka da fitowa. Kai, rigar nan ta sha guga! Ko ƙuda ya sauka sai ya zame."

"Ai... na gawayi ne, Baba."

"Ikon Allah. Gawayin da ke sa allurar mita ta yi tsalle tun daga ƙasa. Don Allah in za ka sake saye ka sayo mini."

Aka kwashe da dariya, har shi malamin. Da yamma ya kawo dutsen da kansa ya ajiye a ɗakin batura, ya ce a riƙe masa amana.

Duk wannan za a iya cewa ƙwarewa ce da iya zama da mutane. Abin da ya sa nake jin nauyin mutumin nan har yau ya faru ne shekara huɗu da suka wuce, a tsakiyar bazara.

Akwai direban bas da ke hawa na uku. Matarsa ta yi ciwon huhu mai tsanani, aka sallamo ta daga asibiti da na'urar da ke tace mata iskar shaƙa, aka ce kada ta rabu da ita dare da rana sai huhun ya farfaɗo. Wutar gari ta kwana tara ba ta leƙo ba, don haka ran baiwar Allah nan, bayan ikon Mai Sama, yana rataye ne da wayar da Mai Tsani ya ja. Ranar da abin ya faru, wajen ƙarfe goma sha biyu, zafi ya kai inda ko ƙofar ƙarfe ba a iya dafawa. Sai aka ji ƙara daga ƙarƙashin matakala, ƙauri ya tashi, fankoki suka tsaya cak. Babbar inbata ta ƙone.

Direban ya sauko yana tsallake matakala uku-uku. "Baba! Baba, na'urar ta mutu!"

"Tukunyar iskar da aka ba ku ta ko-ta-kwana fa?"

"Na jona mata. Ba za ta wuce awa biyu ba. Na kira asibiti, sun ce babu gado."

"Koma ka zauna kusa da ita. Kada ta ga tsoro a fuskarka."

Mai Tsani yana da wata tsohuwar ƙaramar inbata a ƙarƙashin gadonsa. Za ta iya ɗaukar na'urar, amma ba za ta iya haɗiye ƙarfin farantai ashirin da takwas da aka sarƙe wuri ɗaya ba. Dole a kwance su a sake haɗa kaɗan. Shi kuwa faranti ba shi da makunni. Muddin rana na dukansa akwai wuta a wayarsa, wadda ta isa ta kayar da ƙato. Ya san haka fiye da kowa. Ya dubi sama, ya dubi agogo, sai ya ɗaga murya yadda ba mu taɓa ji ba: "Bargo! Kowa ya miƙo bargo da zanen gado!"

Mutane suka jeru a matakala tun daga ƙasa, hannu na miƙa wa hannu. Mai ɗinki, wata bazawara mai 'ya'ya uku da ta daɗe tana binsa da tambayoyi a kan wayoyi, ta ɗaure gyalenta a ƙugu ta bi shi saman. Ita ta ba mu labarin abin da ba mu gani ba. Ta ce simintin yana cin tafin ƙafa ta cikin takalmi. Suka lulluɓe farantan da barguna har wutar ta lafa, ta riƙe masa mita tana karanta lamba, shi kuma yana kwance waya yana sake haɗawa. Safar hannunsa ta hana shi kama ƙananan sukurori, sai ya cire ta ya jefar. Ta ce ta ga tafinsa ya manne da ƙarfen, ta ga fatar ta tashi, amma bai ko ja tsaki ba.

"Baba, hannunka!"

"Karanta mini lamba, 'yata. Hannun yana nan, ba inda za shi."

Sau biyu ya tsaya ya dafa gwiwa saboda jiri. Ta ce ya sauka ya sha ruwa, ya ce in ya sauka ba lalle ya iya hawowa ba. Awa ɗaya da minti arba'in suka yi. Da ya jona waya ta ƙarshe a ƙasa, sai muka jiyo direban daga hawa na uku yana kuka yana cewa, "Na'urar ta tashi! Ta tashi!"

Na ɗauka zai zauna. Ina! Inna ta naɗe masa hannu da tsumma mai sanyi, ya miƙe ya fara bin ɗakuna. Abin da 'yan farantan da aka sake haɗawa za su tara bai wuce ya riƙe na'urar zuwa wayewar gari da firjin magani ba. Yana da ikon ya yanke layin kowa daga ɗakin batura, kuma ba wanda zai ce uffan. Amma ya bi ƙofa arba'in da ɗaya, ya yi sallama, ya faɗa wa kowa da bakinsa cewa kwana uku babu fanka, babu ƙwai, a cikin wannan zafi.

Mai aski ne kawai ya tsaya. "Baba, ni da injin askin nan nake ciyar da gida."

"Na sani, ɗana. Kwana uku nake roƙo. Ɗauko almakashinka, ni zan fara zama ka yi mini."

Mai aski ya dubi kan Mai Tsani, wanda ko silin gashi babu, ya dubi naɗaɗɗen hannun. Dariya ta zo masa, hawaye suka riga ta. Ya juya ya zare wayarsa daga bango.

Kwana ukun nan Mai Tsani ya yi su ne a kan teburinsa, babbar inbata a buɗe a gabansa. Da yake hannun dama ba ya kamawa, shi ke nuni, mai ɗinki ke riƙe abin narka dalma. Ya aika kasuwar tsofaffin kaya aka tono masa 'yan ƙananan sassan da suka ƙone. A rana ta uku da la'asar fankoki arba'in da biyu suka juya tare, gidan ya ɗauki guɗa.

Kai ne wannan, Baba. Kai ne ka hau inda zafi ya kori kowa, ka sa hannu inda ka san za ka ƙone. Kai ne ka nuna mana cewa talaka ma yana da rabo a ranar da ke dukan rufinsa. Ba ka taɓa ɓoye iliminka don a riƙa nemanka ba. Duk wanda ya tsaya kusa da kai sai ka miƙa masa sukuddireba ka ce, "Gwada in gani." Yau gidaje bakwai a layinmu suna da irin tsarin nan, kuma a kowanne akwai wanda ya koya a hannunka. A namu gidan mai ɗinki ce ta gaje ka, kuma ko jiya na ji tana yi wa wani sabon ɗan haya faɗa da irin lafazinka.

Ranar Asabar da ta wuce muka taru a tsakar gida don yi wa Mai Tsani ban gajiya. Ya so ya gudu, Inna ta riƙe masa riga. Aka yi ta jawabai yana sunkuye kamar wanda ake tuhuma. Can sai matar direba ta miƙe. Shekara uku ke nan da ta rabu da na'urar, har ta koma sana'arta. Ta zo gabansa ta durƙusa.

"Baba, ni ban iya magana a taro ba," ta ce. "Ga dai abin da na kawo maka."

Ta ja numfashi mai tsawo har ƙirjinta ya cika, ta riƙe, ta sake shi a hankali. Ba wanda ya yi tafi. Mai Tsani ya ce, "Allah ne, 'yata. Tashi, ƙasa da zafi."

Ku da kuke karanta wannan, na san akwai rufi a kanku, kuma na san a cikinku akwai mai sana'ar da maƙwabtansa ke bukata. Kada ku jira sai wani ya zo daga nesa ya yi muku. Ku tara mutanen gidanku ku yi shawara. Wanda ya iya ya koyar, wanda bai iya ba ya riƙe wa mai yi mita. In kuma akwai irin mutumin nan a unguwarku, ku je ku gode masa tun yana jin ku.

Mun gode, Baba. Allah ya saka maka da alheri, ya ba gwiwar nan lafiya, ya haskaka maka gabanka. Ja kujerarka inuwa ka huta. Ranar da ka sha a madadinmu ta isa haka.