Farfesa Baturiya Hamman Kiru da Dawar Burumburum

Haihuwa

An haifi Baturiya ranar Lahadi, 14 ga Maris 1965, daidai da 11 ga Zulƙida 1384, a wata ruga kusa da Kiru. Ita ce ta biyar cikin 'ya'ya bakwai na Malam Hamman, makiyayi, da Saude, wadda sana'arta kaɗin auduga.

Ilimi da aure

Ta yi firamare a Kiru, sakandare a Kano, sannan ta sami digirin kimiyyar tsirrai a Zariya a 1988. A shekarar ta auri Malam Badamasi, malamin lissafi ɗan Bebeji. A 1996 ta kammala digiri na uku a Ingila kan kuromatin, wato yadda zaren gado da ake kira DNA yake naɗe a jikin wasu ƙananan sinadarai cikin ƙwayar halitta. Inda naɗin ya matse, ƙwayar ba ta iya karanta umarnin da ke wurin. Inda ya sassauta, sai ta karanta ta yi aiki da shi. Da ta bayyana wa mahaifiyarta haka, tsohuwar ta ce, "Yo wannan ai zare da mazari ne, 'yar nan. Shi ne har sai da kika hau jirgi?"

Aiki

A 2013 cibiyar adana iri inda take aiki ta yanke shawarar zubar da irin wata dawa ta garin Burumburum, saboda a duk sassan DNA da aka gwada, rubutun gadonta bai bambanta da na wata dawa da ke ajiye ba. A lokacin gidaje uku kaɗai suka rage suna shuka ta. Marigayiyar ta ƙi sa hannu, domin ta san manoman garin daga gefen gona mafi fako suke yanke zangarniyar iri, su rataye ta a hayaƙin madafa, abin da ba a yi wa ɗayar. Aka ba ta damina biyu ta kawo hujja, ko ta sauka daga shugabancin sashenta.

Ta shuka nau'in dawar guda biyu a Tudun Wada, ta hana su ruwa lokacin fitar kai. A 2015 ta nuna cewa sassan zaren gado da ke kula da jure ƙishirwa naɗinsu a sassauce yake a dawar Burumburum, a ɗayar kuwa a matse. Cibiyar ta janye shawararta.

Rasuwa

Allah Ya yi mata rasuwa ranar Juma'a, 6 ga Oktoba 2023, tana da shekara hamsin da takwas, aka binne ta a Bebeji bayan sallar La'asar. Ta bar mijinta da 'ya'ya uku: Munir, Husna da Abdulmalik. Allah Ya jiƙanta da rahama.

A daminar da ta biyo baya an shuka dawar daga Kwanar Dangora har Doguwa, kuma manoma Baturiya suke kiranta.