Kaset ɗin da aka yi wa aski

Mai gyaran rediyon unguwar Limawa ya yanke min minti tara daga sabon kaset ɗin Turawan nan masu jita mai kururuwa, bayan wata uku ina jiran sa daga Kano. Rediyo na kai gyara, na manta kaset a ciki. Da ya ji ganga na ta sauya gudu, sai ya ɗauka zaren ne ya lalace. Ya sa reza ya cire wurin, ya liƙe da jan farce.

Mu uku ne masoyansu a duk Dutse. Sauran biyun suka saurara, suka ce wallahi yanzu ya fi daɗi.

Na koma shagon na ce, "Malam, wurin da ka yanke shi ne waƙar. Sauran duk gaisuwa ce."