Kwanon da Baba Prak Ya Ajiye

Duk wanda ya san Kaka Sarom a kasuwar Kampong Thom ya san ta da taliyar shinkafa da miyar kifi, ya kuma san ba ta yarda a ɗauke ta hoto. Ko a bikin jikokinta, da ta ga an ɗaga waya sai ta juya baya. Dangi sun san dalili, sai dai ba a gabanta ake faɗa ba.

Tana da shekara ashirin da shida lokacin da mayaƙan daji suka cika shekara uku da karɓe ƙasa. Ba a kama sunansu, Ƙungiya kawai ake cewa. Sun rufe kasuwa, sun mai da gidan ibada rumbu, sun hana gaisuwar haɗa hannu, wai ta bayi ce da iyayengijinsu. Zazzaɓi ya ɗauke mijin Sarom, yunwa ta ɗauke ɗanta na fari. Mahaifinta kaɗai ya rage mata, Baba Prak, wanda ya shekara talatin yana jan addu'a a gidan ibada. Da aka tambaye shi sana'arsa ya ce kiwon shanu, da wannan ƙaryar ya tsira da ransa.

Bayan girbi, Kwamared Chhon, shugaban gonar da Ƙungiya ta sa su aiki a ciki, ya tara su a masussuka.

"Baƙi za su zo daga ƙasashen Turawa da na'urar hoto. Maƙiya sun cika duniya da ƙarya, wai muna kashe ku da yunwa. Ƙungiya na son a san da ita a taron ƙasashe, ku za ku nuna musu gaskiya."

Ya bi layi yana matsa kumatun mutane kamar mai sayen akuya, ya ware arba'in. Faɗin fuska ya sa aka ɗauki Sarom. Baba Prak kuwa furfurarsa ce, an ce hoto ba ya armashi in babu tsoho. Sauran aka kora su can bayan madatsar ruwa.

Kwana biyar ana ɗura musu shinkafa da kifi, ana koya musu yadda ƙosasshe yake yi.

"Mai ƙoshi ba ya lashe kwano!" in ji Chhon. "Kowa ya rage. Ke Kwamared, wannan dariya ce ko ciwon haƙori? Sake!"

Baba Prak ya sunkuyo kunnen Sarom. "Ashe haka agwagwa take ji in biki ya matso."

"Baba, ka rufa mana asiri."

Bakinsa bai dame ta kamar hannuwansa ba. Shekara uku tana gadinsu, don da ya tuna wani mamaci sai su tashi da kansu su nufi juna. Gaisuwa ɗaya ta isa a gane ko shi wane ne. Da safiyar ranar zuwan baƙin ta cika kwano ta danƙa masa.

"Riƙe da hannu biyu. Ko sama za ta faɗo, kada ka ajiye."

"To in ci da me, da hanci?"

"Ka ci in sun tafi. Ni dai kada ka ajiye."

"Na ji, uwata."

Baƙin suka iso da hantsi, su uku da tafinta. An raba riguna masu launi, an jera tukwane, kowa na dariyar da aka koya masa. Cikinsu akwai wata dattijuwa mai farin gashi, da alama wani ya gaya mata yadda mutanen nan suke gaisawa. Ta zo gaban Baba Prak ta tsaya, ta haɗa tafin hannunta, ta ɗaga har hanci, ta rusuna.

Shekara uku ba wanda ya gaishe shi haka. Ga ta baƙuwa, ga ta da furfura. A duk abin da aka koya masa tun yana yaro, babu barin gaisuwa a ƙasa. Ya dubi Sarom sau ɗaya. Sannan ya ajiye kwanon kan tabarma a hankali, ya haɗa hannu har goshi, ya amsa da irin natsuwar da ba a koya a bayan shanu.

Na'urar ta yi ƙyas. Chhon ya tafa, ya ce da tafinta, "Gaya musu, a nan kowa da al'adarsa, ba mai hana shi." Sarom ta yi dariya, don lokacin dariya ne.

Motar na ficewa aka karɓe riguna, aka kwashe tukwane. Kafin la'asar amalanken shanu ya tsaya a bakin bukkarsu.

"Baba, makiyayi bai iya gaisuwa haka ba," in ji Chhon. "Ƙungiya na gayyatarka ka ƙaro karatu."

Ba a taɓa ganin wanda ya dawo daga karatun ba. Baba Prak ya miƙa mata kwanon, shinkafar na nan ba a taɓa ba.

"Cinye, uwata. Yanzu an yarda a lashe."

Bayan shekara ashirin wani yaro a danginta ya tsinci tsohuwar mujallar Ƙungiya a teburin mai littattafai a Phnom Penh. Ga Baba Prak hannu a goshi, a ƙasa an rubuta da Turanci cewa wani dattijo ne mai wadata yake maraba da abokan ƙasa. A gefe ga Sarom, haƙora duk a waje.

Shi ne kaɗai hotonsa a duniya. Ta sa almakashi ta cire rubutun, ta cire kanta, ta jefa a murhu. Abin da ya rage yana kan kantar ɗakinta, kusa da turaren tsinke. Kullum kafin ta fita kasuwa sai ta ajiye masa kwanon shinkafa, ta haɗa hannu ta amsa masa.