Ƙawata Mai Ciki Za Ta Je Kufai

Cikina na uku ne, amma ban taɓa goyo ba. Biyun farko duk a ɗakinmu na unguwar Al Nahda, nan ƙasar Larabawa, suka zube, ina zaune ban je ko'ina ba, ban ɗaga ko bokiti ba. Shi ya sa da na ukun ya tsallake watannin da 'yan'uwansa ba su tsallake ba, sai na koma wata iri. Tari ma a hankali nake yi. In na shiga banɗaki sai na duba, in na fito sai na koma na sake dubawa.

Maigidan ne ya gaji da ganina haka. A Al Sabkha yake aiki wurin masu kargo, wuni yake yana auna kayan 'yan kasuwar Kano yana liƙa musu lamba. Hutunsa sau ɗaya ne a shekara, kuma a waccan shekarar a Afrilu ya faɗo. Wata rana ya dawo, ya ajiye ledar burodi, ya ce, "Malama, ki zaɓi ƙasa. Wadda take da tsofaffin gine-ginen nan da kike damuna da su. Mu je kafin zafin garin nan ya sauko, kafin ke ma ki yi nauyi."

Malama yake ce min saboda kafin aure tarihi nake koyarwa a wata sakandaren 'yan mata a Kano. Na yi shekaru ina zana ginshiƙan Rumawa a allo da alli, ina bayani kamar a tsakaninsu aka haife ni, alhali a hoton littafi kawai na san su, hoton ma ya dushe. Sai ga shi aure ya kawo ni garin da ginin da ya girme ni ma sai an nema. Wallahi na so tafiyar nan, so ba na wasa ba.

Likitata wata Ba'indiya ce mai saurin magana. Ta duba ni ta ce in tafi, yanzu ne lokacin da ya fi dacewa, in dai zan sha ruwa, in guji hawa, in zauna in na gaji. Ta faɗa tana murmushi. Na so in tuna mata cewa a wancan karon ma da murmushi ta sallame ni, amma na haɗiye.

Muka baje a kan dardumar ɗaki da waya muna duba ƙasashe. Sanyi ba na so, na'urar sanyin gidan nan kaɗai ta ishe ni ciwon ƙafa. Zafi kuma likita ta hana. Girka muka fara so, muka tuna da wuyar biza a koren fasfonmu, muka yi dariya muka wuce. Turkiyya a lokacin sai da rigar sanyi. Masar kuwa maigidan ya ce shi ba zai kai matarsa mai ciki kallon kaburbura ba, ko na sarakuna ne. Sai Jodan ta rage. Sanannen garinsu da aka sassaƙa a jikin dutse tafiyarsa ta fi ƙarfina, amma akwai wani tsohon garin Rumawa da ake kira Jarash, ginshiƙai a jere, titin dutse a shimfiɗe, rana da ɗumi-ɗumi. Na nuna da yatsa na ce nan. Ranar na ci abinci har da ƙari.

Gidan namu na haɗaka ne, kowa da ɗakinsa, kicin ɗaya. A ɗakin kusa da namu akwai wata Hajiya 'yar Damagaram mai saro abaya, mace mai kirki, amma bakinta ba ya riƙe komai. Ina soya albasa na ba ta labari don murna. Ta ajiye ludayi ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Kufai za ki shiga? Da ciki?"

"Hajiya, wurin yawon buɗe ido ne. Har tikiti ake saya."

"Su masu wurin tikiti suke saya? 'Yata, inda mutane suka tashi ai wasu ne suke zama. A garinmu mai ciki ko ta gefen kango ba ta bi, balle ta shiga ta ɗauki hoto. Ke da kin san abin da ya same ki har sau biyu."

Raina ya ɓaci. Na ce mata biyun da na rasa a wane kufai na rasa su, a bene mai lif ne, ga mai gadi a ƙofa. Ta ce Allah ya ba ni haƙuri, ita dai ta faɗa. Na kwashi albasata rabi a ƙone na shige ɗaki.

To, da na rufe ƙofa sai maganar ta biyo ni. Ni da na koyar da tarihi, na san su waye suka gina Jarash, na san duwatsu ne kawai da ƙadangaru. Amma na taso ina jin ana hana masu ciki fita da tsakar rana da goshin magariba, ana hana su bin kango. Ban yarda ba, kuma ban iya ƙin yarda ba. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne, in na je wani abu ya faru, ba wanda zai ce min komai, kallona kawai za a yi, ni ma in kalli kaina har in mutu. In kuma na zauna, ai a zaune na rasa biyu.

Na kai wa maigidan ƙara, ina so ya yanke. Ya ce, "Duk wanda kika zaɓa, Malama, ni ina bayanki." Kai, ban taɓa jin haushinsa kamar ranar ba. Mutumin da ko kalar labule sai ya sa baki, yau ya zama mai ba mace 'yanci. Na gane shi ma tsoro yake ji, ya miƙo min kayan ne don kada su fashe a hannunsa.

Saura Inna, mahaifiyata. Ni ce 'yar farinta, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, daga "ke" sai "'yar nan". Maganar ciki kuwa ba ta taɓa shiga tsakaninmu ba. Ɓarin da na yi ma a bakin ƙanwarta ta ji, abin da ta ce min a waya kawai shi ne, "Ya jiki? Allah ya sa kaffara ne." Ta ina zan fara? Bayan mun gaisa, na tambayi awakinta, na tambayi ciwon gwiwarta, sai na ce, "Inna, wata ƙawata ce a nan take da juna biyu. Mijinta zai kai ta wata ƙasa kallon kufan mutanen da. Wasu sun ce kada ta je."

Ina jin kukan kaji ta bayanta.

"Ƙawar taki ta daɗe tana nema?"

"Ta daɗe, Inna."

"To." Ni kuma na gyara zama ina jiran ta hana, don in ta hana shi ke nan, na huta, laifin ba nawa ba ne. Sai ta ce, "Ni me na sani? Akwai biyun da na kiyaye musu duk abin da aka ce a kiyaye, ko ƙofar gida ban leƙa ba, kuma na binne su. Ta farin kuwa, kullum ta cikin kangon bayan gida nake bi in je rijiya, don babu wata hanyar. Ga ta can ta yi ƙafa har ƙasar Larabawa. Ban san komai ba, 'yar nan. Allah ne mai tsarewa."

Matar da take da amsar komai, daga ciwon kunne har rikicin gado, ita ce ta ce ba ta sani ba. Na ajiye waya na yi kuka mai isata.

Ana haka sai wani ɗan kasuwa da ya iso daga Kano ya bar min ƙunshi a shagon su maigidan. Daddawa ce da kuka da busasshiyar kuɓewa. A ƙasan kuɓewar akwai wani tsumma a naɗe, a ciki 'yar ƙaramar wuƙa mai kuben fata, ba ta fi tsawon yatsana ba. Na san ta. Ita ake sa wa ƙannena a ƙarƙashin matashi suna jarirai, wai iska ba ta son ƙarfe. Da na kira, Inna ta ce, "A ba ƙawar. Da ita na bi kangon nan. Kada ta rabu da jikinta."

Ban gaya wa maigidan ba, don kada ya yi wa Malamar tarihi dariya. Na ɗinka mata 'yar aljihu a ƙugun siket ɗina na ciki. Kuma ga abin kunyar: daga ranar na daina komawa banɗaki ina sake dubawa. Na ce masa ya sayi tikitin Jodan.

Ranar tafiya da safe muka isa filin jirgi. Aka auna akwatuna suka shige. Na san sarai ba a shiga jirgi da wuƙa, wa bai sani ba? Amma a kaina wannan ba wuƙa ba ce, kayan Inna ne, kuma an ce kada ta rabu da jiki. Ko sau ɗaya ban haɗa ta da dokar ba, sai da ƙofar binciken ta yi ƙara.

Wata ma'aikaciya ta kai ni bayan labule, ta shafa ƙuguna, na ciro mata. Ta juya ta a hannu, ta dubi cikina, ta ce cikin taushin murya, "Habibti, wannan ba za ta wuce ba." Na ce ta mahaifiyata ce. Na ce ko tuffa ba ta yankawa. Na rasa Turancin da zan yi mata bayanin iska da kufai, Larabcina kuma bai wuce na cefane ba. Ta miƙo min ita, ta ce in akwai wanda ya rako ni in fita in ba shi. Ba wanda ya rako mu. Akwatuna sun tafi, maigidan yana can gaba riƙe da takalmansa yana leƙe, bayana layi ya taru. Na tsaya riƙe da wuƙar, ban san tsawon lokacin ba. Ban zaɓi komai ba, ma'aikaciyar ce ta buɗe tafin hannunta, nawa kuma ya saki.

A wurin jiran jirgi maigidan ya yi ta tambaya. Na matsa jikin taga na kira Kano.

"Inna, ƙawar nan tawa, an karɓe mata wuƙar a filin jirgi."

Sai na ji ta ja hanci.

"Ke, bar zancen ƙawar nan," in ji ta. "Ki rufe cikinki da mayafi, ki yi bisimilla ki shiga. Ba ni da sauran abin da zan ba ki."

Tun da nake ban taɓa jin ta ce cikinki ba. Aka kira jirginmu, mutane suka fara miƙewa. Na ja mayafina na rufe, na bi layi, hannuna a kan 'yar aljihun da babu komai a cikinta.