Ruwan Kifin Baba da Na Rabar

Shekarun baya da nisa, lokacin motoci ba su daɗe da komawa tuƙin hannun dama ba, na taɓa kawo kifin teku da ransa har cikin garin Gumel. Na san wasunku za su ce ga shi nan zai fara. To ku yi haƙuri ku ji, yau gaskiyar ta fi ƙarin yawa.

Ina saurayi lokacin, kawuna ya ɗauke ni rakiyar shanu daga kasuwar Maigatari zuwa Ikko, wato Legas, tafiyata ta farko. Na bar mahaifina a kwance, wata huɗu ke nan da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Abin da ya fi ciwon damunmu shi ne ya juya fuska bango. Mutumin da in yana zaure ba a jin muryar kowa sai tasa, ya koma sai an yi masa sannu uku kafin ya amsa ɗaya, abinci kuwa sai mahaifiyata ta yi ta lallashi. Da na shiga yi masa sallama, bai ko juyo ba ya ce ya san halina, ko kududdufi na gani zan dawo in ce teku ne.

Wannan maganar ce ta kai ni bakin teku neman shaida. Can na iske wani mutum yana sayar wa Turawa ƙananan kifaye a cikin akwatunan gilashi. Na ƙyalla ido a kan wani da bai fi yatsa uku ba, ruwan ɗorawa da ratsin baƙi, yana taƙama kamar ango. Mai kifin ba ya jin Hausa, ni kuma Turancina bai cika cokali ba, don haka da hannu muka yi ciniki. Ya ba ni garin jatan lande na abincinsa, ya nuna mini in riƙa kwashe ruwan kaɗan ina zuba sabo duk bayan kwana uku, sannan ya cika mini jarka biyu da ruwan teku. Ni duk a zatona jarkokin gyara ce.

Kwana uku muna hanya, akwatin na kan cinyata. Kawuna ya ce ya yi shekara ashirin yana dakon bajimai, babu wanda ya wahalar da shi kamar wannan ɗan tsito.

Na ajiye akwatin a kan turmi da aka kife kusa da gadon Baba. Ya daɗe bai motsa ba, can sai na ga ya juyo. Washegari ya ce a jingina shi da matashi. Kafin mako ya zagayo shi ke barbaɗa wa kifin abinci da hannunsa mai lafiya, yana yi masa faɗan haɗama, mahaifiyata kuma na ta tura masa kwanon tuwo a gefe, yana ci bai ma san yana ci ba.

Labari ya bazu. In na ce rabin Gumel sun zo kallo za ku ce na ƙara, to mu bar shi a sulusi. Sai wani dattijo ya hango jarkokin ya tambaya, na buɗe baki na ce ruwan teku ne, ni da kaina na ɗebo. Ku da kuka san mutanenmu kun san abin da zai biyo baya. A wurinmu ruwan teku magani ne: na sanyin ƙashi, na ƙaiƙayi, wasu har a rumfar kasuwa suke yayyafa shi. Na zauna a zaure kamar mai rabon zakka, ana miƙo kwalabe ina cikawa, ana sa mini albarka, kaina na ƙara girma. Gwaggona ta zo daga Ɗanzomo ta tafi da galan guda. Kwana takwas, jarkoki suka koma ganguna, ko ɗigo babu.

Ban damu ba. Na ce ruwa ai ruwa ne, namu na rijiya ma ya fi daɗi, bari baƙo ya huta da ɗaci. Na kwashe rabin akwatin na cika da na randa. Bayan kwana biyu na sake.

Da safe na shiga gaishe da Baba, na tarar da kifin ya karkace gefe guda. Sai ya yunƙura ya taso, ya juya, ya koma ƙasa yana buɗe baki. Ratsin jikinsa duk ya koɗe. Baba ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce a hankali, "Shi ma ɓarin nasa ya tafi ke nan." Ya ce a cire masa matashin, ya juya bango. Ranar ko koko bai sha ba.

Na ruga wajen abokina, direban babbar mota ne da ya san Ikko kamar tafin hannunsa. Ya zo ya tsoma yatsa a ruwan ya lasa, ya dube ni.

"Kai, wannan ai lami ne. Ka taɓa jin teku lami? Ina ruwansa?"

Na ce na rabar. Ya tambaya wa na ba, na ce ya tambaye ni wa ban ba. Na kawo shawarar a daka kantun gishiri a zuba, ya ce ba miya muke yi ba. Shi kuma kafin ya je Ikko ya dawo sai kwana goma, kifin kuwa da wuya ya ga jibi.

Mahaifiyata na bakin ƙofa tana jinmu. Ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana, sai ta ce, "Kai wannan, lissafo mini gidajen." Ta yafa mayafi ta ɗauki bokiti. Ni kunya ta hana ni binta, don a tarbiyyarmu kyauta ba ta komawa. Ita ta ce kunyar ta kashe ta in dai mai gidan zai ci tuwo. Abokina ya ari keke ya nufi Ɗanzomo cikin rana.

Gida-gida ta bi. Wasu sun riga sun shafe nasu, wani ya shanye ya kwana yana zagayawa, ya ce ta gaya mini bai yafe ba. Duk kwalbar da aka miƙo sai ta ɗanɗana, don wasu sun jiƙa saiwa a ciki, wasu kanwa. Amma duk wanda nasa ya rage, da ya ji dalili ya fito da shi. Akwai wata tsohuwa a ƙarshen layinmu da gwiwa ta hana ta sallah a tsaye. Ko buɗe kwalbarta ba ta yi ba, tana tattalinta sai sanyi ya shigo. Mahaifiyata ta ce ta riƙe abarta, tsohuwar ta ƙi.

"Gwiwar nan mun saba da juna, 'yar nan. Shi kuwa baƙo ne, kar ya mutu a hannunmu."

Bayan la'asar abokina ya dawo da galan ɗin gwaggo, saura kaɗan ya cika, tare da saƙon zagi zuwa gare ni wanda ya isar bai rage ko kalma ba. Ya hana ni juyewa gaba ɗaya. Moɗa guda za a kwashe, a mai da moɗa guda, a jira, a sake. Haka muka yi har magariba, muka ɗora da safe. A rana ta biyu kifin ya daina kifewa. A ta uku na barbaɗa abinci, ya taso a karkace kamar tsohuwar akori-kura, ya cafke. Ashe Baba ya ji ƙarar ruwan. Ya ce, "Kawo matashin nan. Kuma ba ni garin, kai ba ka iya ba."

Daga nan abokina ya ɗauki nauyin jarka a kowace tafiya, ni kuma aka kafa mini dokar ko kusa da ita kar in je. Kifin ya yi wata biyar tare da mu, zafin bazara ne ya tafi da shi. Na ji tsoron ranar, amma ta same mu Baba ya fara takawa da sanda. Fitarsa ta farko ba masallaci ba ce, ba kasuwa ba. Cewa ya yi sai ya je ya gode wa tsohuwar nan da bakinsa. Gida bakwai ne tsakaninmu, muka kwashe tun daga la'asar har rana ta yi ja, ina biye da kujera yana hutawa a kowace ƙofa.

Har yau in aka yabe ni da kyauta sai in ji wani iri. Ni na rabar da abin da ban san amfaninsa ba don a ce da ni madalla. Su kuwa sun dawo da abin da suka sa rai zai warkar da su, saboda wani ɗan kifi da ko miyar mutum ɗaya ba zai yi ba, da wani dattijo da ya daina cin abinci. Yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, mahaifiyata da tsohuwar nan da abokina duka. Allah Ya jiƙansu, Ya shayar da su ruwan da ya fi wanda suka ba mu.